Sanarwar Rasuwar Baba Ba Ta Wuce Jaji Ba

Kwana goma muka yi muna karɓar gaisuwa kafin a binne Baba, kuma a kwana goman nan babu wanda ya shigo gidanmu na Samaru ya fita bai yi mini tambaya iri ɗaya ba. Matan zumunta na cocinmu za su gama waƙa su share hawaye, sai babbarsu ta ja ni bayan ɗaki: "Ke, ina yayanki? An sanar da shi kuwa?" Maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kullum da safe su ce Allah ya ba mu haƙuri, Malam mutum ne, sannan limaminsu ya rage murya ya ce, "Babban ɗan fa, har yanzu?" Tsofaffin abokan aikin Baba na jami'a, waɗanda suka yi shekaru tare da shi suna kula da na'urorin ɗakin gwaji, suka zo suna dogara sanda. Suka yi ta ba da labarinsa suna dariya har suka manta gidan makoki suke. Da za su tafi, su ma sai da suka tambaya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Bayeraben da ke gyaran agogo a jikin shagon Baba a Sabon Gari. Ko zama bai iya yi ba. Ya tsaya a bakin rijiya da hularsa a hannu, hawaye da majina, yana cewa, "Shekara goma sha biyar rumfa ɗaya, ko sau ɗaya bai ce mini matsa can ba." Ya dube ni ya ce, "Zai zo, 'yata. In ya ji, zai zo."

Amsata ɗaya ce ga kowa: "An sanar. An ba da a rediyo." Ba ƙarya na yi ba, an ba da ɗin, ni da ƙafata na kai. Amma na san tashar da na kai wa, na kuma san Yaya ba zai ji ba ko da ya manna kunnensa a jikin akwatin. Abu ɗaya tak Baba ya roƙe ni a gadon asibiti, ɗansa ya ji ya zo ya zuba masa ƙasa. Ni na hana. Yau shekara biyu ke nan, na ɗauki biro don kada a manta da Baba, sai na tarar babu yadda zan ba da labarinsa in tsallake wannan.

Bari dai in fara da shi, shi ya fi cancanta.

Baba gajere ne, mai saurin hawa, mai saurin sauka, in dai ba a kan rediyo aka taɓa shi ba. Bayan ya yi ritaya ya buɗe shagon gyara a Sabon Gari. Kullum ya shiga bas da safe, ya dawo da yamma rigarsa na warin dalma, warin da har yau in na ji shi a kasuwa sai na waiga. In aka kawo masa gyara ba ya saurin kwancewa. Kunnawa yake ya kara kunne, ya rufe ido, ya jima a haka. Sannan ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wa ya mare shi?" Ya san halin mutanenmu sarai: rediyo ya yi shiru, a ɗaga hannu a kwaɗa masa mari, wai ya farka.

Na taɓa kai masa abinci na tarar suna cacar baki da wani mahauci daga Dogarawa, ƙato ne da zai iya ɗaukar Baba da hannu ɗaya. Mahaucin ya rantse shi bai taɓa dukan rediyonsa ba. Baba ya buɗe bayan, ya nuna masa wata 'yar waya da ta ɓalle tana lilo, ya ce, "To aljanu ne suka mare shi. Je ka kawo su su karɓa." Mutane suka taru. Mahaucin ya ce abinsa ne, ya ga dama ya fasa shi. Baba ya ce, "Naka ne, amma ba jaki ba ne. Ba ya fita shagon nan sai ka ce ka daina." Kwana biyu rediyon na kan kanta. A na uku mahaucin ya dawo yana sosa ƙeya da ƙunshin tsire a hannu, suka zauna suka cinye tare da mai agogo.

Shi ne kuma ya tafi har Palladan ranar Lahadi bayan sujada, wurin wata tsohuwa da idonta ya tafi, jikokinta na murɗe mata tasha su bar ta tana lalube. Ya kunna kyandir, ya ɗiga mata kaki a wurare uku a jikin faifan da ake murɗawa, ya kama yatsanta ya ɗora a kai. "Na farko labarai, na biyu wa'azi, na uku waƙa. Kowa ya murɗe, ki dawo da abinki." Ban san da wannan ba sai da tsohuwar ta sa aka jawo ta zuwa makoki, ta faɗa da bakinta.

Mu biyu ya haifa. Ni yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yaya kuwa ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. Alkunya ce da muka gada kaka da kakanni, coci bai canja mana ita ba. "Yaron nan" ne, in an yi fushi kuma "wancan".

Ina da shekara goma na tambaye shi ta ina mutanen cikin rediyo suke shiga. Wani uban da dariya zai yi. Baba ya miƙe ya kwance igiyar shanyar Mama, ya bar baki ɗaya ɗaure a jikin mangwaro, ya miƙa wa Yaya ɗaya bakin ya ce ya kaɗa sama da ƙasa. Wani tudu ya tashi a jikin igiyar ya gudu har bishiya.

"Uwata, igiyar ta je wurin mangwaro?"

Na ce a'a, ga ta a hannun Yaya.

"To me ya je?"

Na sake duban igiyar.

"Kaɗawar ce ta je. To a gidan rediyo akwai dogon ƙarfe. Wutar lantarki ke hawa da sauka a jikinsa, sau dubu dubu kafin ki ƙifta ido. Wannan kai da komo shi ke haifar da kaɗawar. Ita tasu ba ta neman igiya, ba ta neman iska, barin ƙarfen take ta kama hanya ta ko'ina da saurin haske. Muryar mai labarai kuwa goyo ce, a bayan kaɗawar ake ɗaure ta. In ta iso eriyarmu sai ta tayar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar, rediyo ya zaɓi wadda muke so cikin duk masu wucewa, ya kwance goyon ya miƙa mana."

Na ce, "Yanzu haka suna wucewa ta nan?"

"Ta nan, ta cikin bango, ta cikin tukunyar miyar uwarki, ta cikinki."

Kai, wannan magana ta hana ni sakat. Na yi kwanaki ina tafiya a hankali a tsakar gida, ina jin kamar mutanen da ban sani ba suna ratsa ni suna magana.

Ya sa Yaya ya kaɗa da sauri, tudun suka yi kusa da juna. Ya ce to ga gajeren zango ke nan. "Can sama, nesa da inda jirgi ke bi, akwai wani rufi da hasken rana ke shimfiɗawa, ido ba ya ganinsa. Gajeren zango in ya tashi ya bugi rufin nan sai ya faɗo can wata ƙasa, ya sake tashi, ya sake faɗowa. Da tsakar rana ƙasan rufin na shanye masa ƙarfi. Shi ya sa sai yamma ta yi kike jin na nesa garau."

Daga baya da FM ta shigo gari kowa ya koma kanta, ba ƙara ba shuuu, kamar mai maganar na zaune a ɗakinka. Baba ya saurara ya taɓe baki. "Zaƙin murya gare ta, amma ba ta da ƙafa. A miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ƙasa kuwa lanƙwasawa take yi. Tamu ta nan ba ta wuce Jaji, can a hanyar Kaduna. Abin da ya yi sama kuma rufin ba ya tare shi, huda shi yake ya wuce." Na ce ya tafi ina? Ya ce, "Yana can yana tafiya. Babu mai ji dai."

A gidanmu akwai doguwar waya da Baba ya ja daga saman mangwaron nan zuwa tagar ɗaki, da ita babban rediyonsa ke kamo duniya. Doka ɗaya ce a kanta, ko kajin gidan sun san ta: da hadari ya haɗu, a cire wayar daga bayan rediyo a maƙala ta a turken ƙarfen da ya kafa a ƙasa bayan taga. In tsawa ta zo, ta bi turken ta shige ƙasa.

Wata Asabar da la'asar, cikin damina, Baba na shago. Yaya, lokacin yana shekarar ƙarshe a makarantar koyon fasaha, yana sauraron ƙwallo daga wata ƙasa. Hadari ya yi baƙi ta gabas. Mama ta ce ya cire wayar, ya ce saura minti biyar. Ta sake faɗa, ya ce saura kaɗan. Iska ta taso, ya fita da gudu kwaso takalmansa da ya shanya, Mama ta shiga ɗakin za ta cire da kanta. Ina madafa. Wani fari na gani, fari fat, har cikin tukunya, sannan ƙarar ta jefar da ni daga kan kujera. Da muka shiga Mama na ƙasa, jini na fita ta kunnuwanta biyu, ɗakin na warin ƙonanniyar roba.

Ta rayu, mun gode Allah. Amma tun ranar ba ta ƙara jin komai ba.

Baba bai doki Yaya ba. Ranar da likita ya tabbatar mana, ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida, ya yi magana a hankali yadda ba ya yi. "Kai ka san abin da waya ke ɗaukowa. Ni na koya maka. Ita dai ba za ta ƙara jin murya ba. To ni ma kada in ƙara jin muryarka a gidan nan." Ya ɗauko tsani ya hau mangwaro ya kwance wayar da hannunsa. Gari na wayewa Yaya ya tafi da jaka ɗaya. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, babu lambar da za a nema. Wasu suka ce an gan shi a Agadas, wasu Kumasi, wasu suka ce Kamaru.

Ni kuwa takardar shiga makarantar koyon jinya na hannuna a watan. Na ninke ta na sa a ƙasan akwati. Na zama kunnen Mama. Kasuwa ni, asibiti ni, a coci in zauna gefenta ina rubuta mata wa'azi a littafi, in an buga ƙofa ni, in wuta ta kama mai a bayanta ni zan ji. Sa'o'ina suka gama makaranta, suka yi aure, suna wucewa ta ƙofar gidanmu da fararen kaya. Shekara bakwai. Kada wanda ya ce mini ai haƙuri ake yi, na yi haƙurin har ya yi tsami. Ina son uwata, Allah ya sani, amma na tsani yayana, kuma ban ɓoye wa kaina ba.

Shekara ɗaya da tafiyarsa Baba ya fara sayen katin gaishe-gaishe. Akwai shirin da babbar tashar gajeren zango ta Kaduna ke yi ranar Lahadi da yamma, ana karanta gaisuwar masu sauraro. Ya cika kati ya ba mai agogo, shi da ke zuwa Kaduna saro kayan gyara. Katuna yawa gare su, naka sai ya yi makonni kafin layi ya zo kansa, don haka Baba ba ya bari nasa su yanke. Kuma kullum abu ɗaya yake rubutawa: "Mai gyaran rediyo na Sabon Garin Zariya yana gaishe da yaron nan a duk inda yake." Shi ke nan. Har mai gabatar da shirin ya saba, wata rana ya ce, "Malam mai rediyo, yaran nan fa yawa gare su a duniya, wanne daga ciki?"

Na ce, "Baba, in da gaske kuke ku rubuta sunansa mana."

Ya harare ni. "A bakin duniya? Ya san gaisuwar gidansu."

"To ku ce ya dawo."

"Ƙafar da ta san hanyar fita ta san ta shigowa. Tashi ki duba miyarki."

Taurin kai kuwa, ba a nan muka tsinta ba. Amma Lahadi na yi, ƙarfe biyar, ya fito da ƙaramin rediyo ya ɗora a kan turmi. Mama ta jawo kujera ta ɗora tafin hannunta a bakin lasifikar, tana jin rawar muryar a fatarta, idonta a kan fuskar Baba. In an karanta katinsa sai ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Haka suke zama har a gama shirin.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, sati biyu kacal. Wata safiya ina ba shi kunu a asibiti ya ture cokalin.

"Uwata, saurara. In na tafi kada a yi gaggawa, a ajiye ni kwana goma. Ki shiga mota ki je Kaduna da kanki. Ki ba da a gajeren zango, a faɗa da yamma, kwana uku a jere. Kada ki kai FM, kin san dalili."

"Na sani, Baba."

"Maimaita."

Na maimaita kamar 'yar aji ɗaya. Ya ce, "Yana ji. Na san yana ji. Ya zo ya zuba mini ƙasa da hannunsa." Sannan ya buɗe baki na ci gaba da ba shi kunun.

Ranar Talata ya cika. Laraba da safe na ɗauki takardar da fasto ya rubuta na tafi tasha. Na shiga motar Kaduna, na zauna a bayan direba, saura mutum ɗaya ta cika. A zaunen nan ne abin ya zo mini. Na ga Yaya yana shigowa gida, mutane na darewa suna cewa babban ɗa ya iso. Na ga an miƙa masa ƙasar farko. Na ga Mama ta rungume shi da hannuwan da nake yanke wa farce. Shi da ya tafi ya bar mini ɓarnarsa, zai zo ya yi kuka na kwana uku a ce masa sannu, ni kuwa a ce in ɗebo wa baƙi ruwa. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Fasinja na ƙarshe na sa ƙafa ni kuma na ce direba ya buɗe mini, na manta abu.

Na hau acaɓa zuwa ofishin tashar FM. Yarinyar da ke kan tebur ta karanta takardar, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ita ma Baba ya taɓa gyara wa babanta rediyo. Suka yi ta faɗa safe, rana, yamma, murya garau. Duk Zariya ta ji, shi ya sa babu wanda ya yi zargin komai. Na yi ta yawo a kasuwar Sabon Gari ina taya abin da ba zan saya ba, don lokacin dawowata ya yi daidai da na wadda ta je Kaduna. Ina shiga gida Mama ta tare ni da wannan muryar tata mai ƙarfi, ta wanda ba ya jin kansa: "Kin je Kadunan?" Na gyaɗa kai.

Kwana goma ta yi tana fuskantar ƙofar gida. Ko abinci a nan take ci. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta miƙe rabi ta koma. Ranar jana'iza fasto ya ja addu'a fiye da yadda ya saba, na lura idonsa na kan hanya. Daga ƙarshe ƙanen Baba ya durƙusa ya zuba ƙasar farko. A cikin shirun nan Mama ta ce, ita a ganinta a hankali ta faɗa, amma har na bayan layi sun ji: "Ashe bai yafe mana ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige tare da Baba.

Bayan an watse ban samu lafiya ba. Ina wanke-wanke, ina tsince shinkafa, sai in tuna sanarwar nan. Abin da ya yi ƙasa ya mutu kafin Jaji, abin da ya yi sama ya huda rufin. Sunan ubana da ranar jana'izarsa suna can suna tafiya a inda babu kunne ko ɗaya. Na daina ratsawa ta ƙarƙashin mangwaro. In bas ya bi ta gaban shagon sai in kau da kai.

Mama ba ta daina zaman Lahadi ba. Ƙarfe biyar ta fito da rediyon ta ɗora a kan turmi, ta nuna mini in kamo tashar, ta ɗora hannunta. Lahadi ta biyar bayan jana'iza ina gefe ina fere doya, sai na ji mai shirin ya yi dariya ya ce, "Sai katin mutuminmu, mai gyaran rediyo na Sabon Garin Zariya. A'a! Yau kam Malam ya sauya salo." Sannan ya kira sunan Yaya. Cikakke, na baftisma da na gida, sunan da ban taɓa ji daga Baba ba. Ya ce, "Mahaifinka ya ce: ɗana, na janye maganata. Ina so in ji muryarka. Ka dawo gida."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na waiga bayana, wallahi na waiga, kamar zan gan shi tsaye a ƙofar ɗaki da singileti. Mutumin da muka binne yana kiran ɗansa a tsakar gidansa, ga hannun matarsa a kan muryar ba ta sani ba. Ta ga fuskata ta ce, "Mene ne?" Na ɗauki littafinta na rubuta, "Ba komai, wuƙa ce ta kusa yanka ni."

Washegari na je wurin mai agogo. Ya ce e, sati ɗaya kafin a kwantar da Baba ya ba shi katin, a ninke, ya ce kada ya buɗe. Ya kai ya manta. Na tsaya a bakin rumfar na san abin da zai biyo baya. Ko a lokacin ina iya shiga motar Kaduna in ba da sanarwar gaskiya, ko ta tare shi a hanya. Ban je ba. Wannan karon ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne.

Ranar Alhamis da hantsi ina shara na ji an ce, "Gafaranku dai masu gida!"

Ya yi kauri, gemunsa ya fara furfura, hannuwansa baƙi da man inji. Jaka a kafaɗa, leda a hannu, ana hango sabuwar hula a ciki da takalmi irin wanda Baba ke so. Yana dariya, haƙora duk a waje.

"Auta! Ke ce kika zama uwar mata haka?" Bai jira na amsa ba. "Na ji Baba ranar Lahadi. A Garwa nake, can Kamaru, ina ƙarƙashin tirela na fito da gudu har na fasa goshi, kin ga wurin. Shekara shida ina jin gaisuwarsa, ban taɓa fashi ba, amma bai ce in zo ba, ni kuma ba zan shigo masa gida bai janye ba. Wannan karon sunana ya kira. Ke, sunana fa! Yana shago ne? In ajiye kayan nan in bi shi can?"

Sai labulen ɗaki ya motsa, Mama ta fito da baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har zane.

Ya dubi kayan. Ya dube ni. Ya ajiye ledar a ƙasa a hankali.

"Yaushe?"

"Sati shida."

"Ba a sanar ba?"

"An sanar."

"A ina? Ni da ba na rabuwa da tashar nan, ko ina aiki tana kunne."

"A FM."

Ɗan Baba ne, ba sai na yi masa bayani ba. Na ga maganar ta shige shi, ta sauka har ƙasa.

"Kin san dai ba ta..."

"Na sani, Yaya. Ya ce in je Kaduna. Har mota na shiga, na sauka."

Kafin ya ce wani abu Mama ta iso. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, tana shafa gemun, tana shafa ciwon goshin, tana kuka da wata irin murya da ta sa maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta yana cewa Mama ku yafe mini, Mama ku yafe mini, ita kuwa ba ta ji, tana ta ɗago shi don ta ga bakinsa.

Da ta lafa ta share masa hawaye da bakin zanenta ta ce, da ƙarfi, "Sanarwar ka ji ko? Ƙanwarka har Kaduna ta je dominka. Nisa ne ya hana ka isowa a kan lokaci, ko ba haka ba?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman kafaɗarta. Ya jima yana kallona. Tsintsiyar na hannuna, na kasa ajiye ta.

Sannan ya juya ga Mama ya gyaɗa kai.

Ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Na san ba ƙi ka yi ba." Ta miƙo hannu ta jawo ni, ta ɗora tafinta a kaina. "Allah ya yi miki albarka, kin kira mini shi."

Ubangiji ya hutar da ku, Baba, ya tarbe ku da alherin da kuka yi wa mutanen garin nan, ya ta'azantar da duk wanda ya yi kukanku. Yaya ne ke buɗe shagonku yanzu. Kullum da yamma ya dawo, in zuba masa tuwo, ya ce mini sannu da aiki. Shekara biyu bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ma ya zage ni.